Ta ina matashi zai samu bakin magana a harkar lafiya?

'Yar'uwa, kin ce manya sun cike kujeru, ba a jin muryar matasa. Ki fara da kwamitin ci gaban mazaɓarku, mai sa ido kan ƙaramin asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ki tambaya ko asibitinku na samun kasonsa, da abin da aka saya da shi. Wallahi wannan tambayar kaɗai tana sa a saurare ki.

Kada dai ki je taro da zargi babu hujja, kada kuma ki tsallake mai unguwa. Batun rigakafi ko magani kuwa, ki nemi ma'aikatan lafiya kafin ki wallafa komai a Facebook.