Ba mu fara cin riba ba, me ya haɗa mu da takardun CAC da na haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu uku ne muka yi wa kamfaninmu rajista shekara biyu da suka wuce, muna gina manhajar kai saƙo a cikin Kano, kuma har yanzu kuɗin aljihunmu muke zubawa. Wani mai son zuba jari ya duba shafin CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ya ga an nuna kamfanin ba ya aiki, ya kuma nemi takardar shaidar biyan haraji. Wanda ya yi mana rajistar ya ce ba abin da za mu kai sai mun fara samun riba. Wallahi hankalina ya tashi. An soke mu ne? Yaya za mu yi da tarin takardun nan ga aiki ya sha mana kai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ba a soke ku ba. Abin da mutumin ya gani alama ce ta cewa ba ku kai rahoton shekara ba. Idan kun cike na shekarun da ake bin ku, kuka biya tarar jinkiri, za a gyara. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba CAC ikon goge sunan kamfanin da ya shekara 10 a jere bai bi ƙa'ida ba, kuma tana amfani da ikon: a ƙarshen 2023 ta fitar da sunayen kamfanoni sama da 90,000 da za ta goge. Ku da saura.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar ejan ɗin nan da ya yi muku rajista, domin kullum sai na ji ta. Biyan haraji daban, kai bayani daban. Riba ce ke sa a biya, amma kai bayani rajista ce ke wajabta shi, ko sisi ba ku samu ba. Dokar kuɗi ta 2019, a lokacin da take aiki, ta ɗauke wa kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani, ta kuma faɗa ƙarara cewa dole ya yi rajistar haraji ya riƙa kai bayanansa. Mutane suka riƙe rabin farko, suka watsar da na biyu. Sabon kamfani yana da wata 18 daga ranar rajista, ko wata 6 bayan rufe lissafin shekararsa ta farko, duk wanda ya riga zuwa. Ku kun wuce duka biyun. A tsohuwar doka tarar rashin kaiwa naira 25,000 ce a watan farko, sai 5,000 kowane wata bayansa. Sababbin dokokin haraji da suka fara aiki a Janairun 2026, waɗanda suka mayar da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta zama NRS, sun kai ta 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata. Kamfanin da bai ci ribar kobo ba sai ya tashi da bashin da ya fi jarinsa, don kawai wani ya ce masa "ai ba komai". Rajista raɗin suna ce, raino na gaba.

Kuma kada ku haɗa ofisoshin biyu. Rahoton CAC bai wadatar wa hukumar haraji ba, nata ma bai wadatar wa CAC ba. In kuna biyan wani albashi, harajin albashinsa na hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kano ne, ana kai shi kafin 10 ga watan da ke biye.

Ga tambayar da nake so ka yi wa kanka yau: da imel ɗin wa da lambar wayar wa aka buɗe muku shafin CAC? Galibi na ejan ne, shi ke riƙe da kalmar sirri, duk sanarwa wurinsa take zuwa. Ku karɓo kayanku tukuna.

Sauƙin aikin kuwa ba wani sirri ba ne. Mutum ɗaya cikinku ya ɗauki takardu a matsayin aikinsa, ya ware musu yini ɗaya a wata. Ku buɗe asusun banki da sunan kamfani, ku daina karɓar kuɗin kwastoma a asusun kanku. Kuɗin da kowa ya zuba daga aljihu a rubuta, bashi ne ko hannun jari, tun kuna shiri da juna. Dokar 2020 ta ɗauke wa ƙaramin kamfani tilascin ɗaukar sakatare da taron shekara, don haka abin da ya rage bai kai yadda kake tsoro ba. Sai ku nemi akanta mai shaidar ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, ya haɗa muku lissafin shekarun nan biyu. Mai zuba jarin kuma ka gaya masa gaskiya, ka nuna masa rasit na gyaran da kuka fara. Zai fi karɓar wannan a kan ɓoye-ɓoye.

Ku kuma masu yi wa jama'a rajista a shagunan intanet, ku ji tsoron Allah. Yaro ya tara kuɗinsa da guminsa ya ba ku amana, kun miƙa masa satifiket kun ce ya gama. Minti biyu ya isa ku gaya masa ranar da rahotonsa na farko zai cika, ku kuma miƙa masa kalmar sirrinsa. In ba ku san ranar ba, ku ce ba ku sani ba, ku tura shi wurin wanda ya sani.