Ƙananan haƙoran kwantakta, da abin da ya sa moto ke mutuwa in ka ɗage yatsa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa fanel ɗin injin niƙan da ka haɗa a Sabon Gari yake tashi in ka danna koren maɓalli, amma kana ɗage yatsa sai moto ya mutu. Ka kuma ce ko ka sa masa makunni irin na fitilar ɗaki a huta. Kada ka sa. Waya biyu ka bari ba ka ɗaura ba.

Ɗauki kwantaktar, wato makunnin da maganaɗisu ke ja ya kai wa moto wuta, ka dubi fuskarta. Manyan bakuna uku na sama, L1, L2, L3, su ke karɓar wuta mai layi uku, bolt 415. Na ƙasa, T1, T2, T3, su ke kai wa moto. A1 da A2 na kwail ne, wanda in ya sami wuta yake zama maganaɗisu ya jawo haƙoran su haɗe. To, a gefe akwai wasu ƙanana, an rubuta 13 da 14 da haruffan NO, wasu kuma 21 da 22 da NC. Su ne ogzilari. Wutar moto ba ta bi ta cikinsu, amma sandar da ke motsa manyan ita ce ke motsa su, a lokaci guda. Na NO a buɗe yake har sai kwail ya ja. Na NC a rufe yake, kwail na ja ya buɗe. Lambar ƙarshe ce ke gaya maka: 3 da 4 buɗaɗɗe, 1 da 2 rufaffe. Ta farko jeri ne kawai, shi ya sa a ƙaramin bulok ɗin da ake maƙala wa kwantaktar Schneider LC1D a ka za ka ga 53-54 da 61-62.

Koren maɓalli akwai sifirin a cikinsa, da ka saki yake komawa ya yanke wutar kwail. Sai ka ja waya daga 13 zuwa gefe ɗaya na koren, daga 14 zuwa ɗaya gefen. In ka danna, kwail ya ja, 13-14 ya rufe, wuta ta sami hanya ta biyu. Ka ɗage yatsa, kwantakta ta riƙe kanta da kanta. Jan maɓalli, wanda yake NC, da 95-96 na obalod (na'urar da ke yanke wuta in moto ya ja fiye da ƙima), su za su zo a jere kafin koren, don ko wanne ya buɗe, komai ya tsaya.

Yanzu ga abin da ya sa na hana ka makunni. Ka san halin wutarmu a Zariya. An ɗauke wuta ana tsakiyar niƙa, kwail ya saki, 13-14 ya buɗe. Mai injin ya ga zama ya yi yawa, ya kwance murfi yana yashe garin da ya daskare, ko yaronsa ya sa hannu yana gyara bel. Sai NEPA su dawo da wuta babu sallama. In da ogzilari ka haɗa, moto ba zai motsa ba sai mutum ya tashi ya danna kore da hankalinsa. In makunni ne, yana nan a kunne yadda aka bar shi, injin zai tashi da hannun yaron a ciki. Wannan kaɗai ya isa, kuma ba na son in ji an ce yaron shagona ya yi irin wannan aiki.

Aikin 21-22 kuwa hana kwantakta biyu shiga tare. A moton da ke juyawa gaba da baya, wutar kwail ɗin ta biyu tana bi ta 21-22 na ta farko, ta farko kuma ta na ta biyu. In suka haɗe tare, layi ya gamu da layi, ƙarar da za ka ji ba za ka manta da ita ba. Haka ake yi a sita-delta, wato haɗin da ke tayar da babban moto a hankali, haka kuma a fanel ɗin canja wuta tsakanin NEPA da janareta, inda kuskure zai iya tura wutar janareta kan layi ta sami ma'aikacin da ke kan fol. A nan ina ƙara makullin ƙarfe tsakanin kwantaktocin, domin haƙori kan narke ya manne.

Fitilar da ke nuna obalod ya faɗi, a 97-98 ake ɗaura ta. Fitila da kwail su ne iyakar kayan waɗannan haƙora, kada ka ɗora musu fanfo ko hita.

Kafin ka taɓa komai, kashe babban makunni, ka tabbatar da mita cewa babu wuta. Sa mitar a wurin ƙara, ɗora tsinkayenta a 13 da 14, ka danna sandar kwantakta da sukudireba. Ya kamata ta yi ƙara, ka saki ta yi shiru. A 21-22 akasin haka. In ƙarar na yankewa, ƙurar hunturu ce da garin niƙa suka shige. Hure ta, in ta ƙi ka canja bulok ɗin, kada ka goge da sanfefa. Gobe ka zana mini layin a takarda, daga fiyus har A2, in gani kafin ka koma wurin injin.