Tambaya da Amsa: Zama a Siririn Jirgin Ruwa a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Landan, kuma tsadar haya ta sa yana son ya sayi siririn jirgin ruwa ya zauna a ciki. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah yaya wannan rayuwa take? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan nutsewa kike tsoro, ki kwantar da hankalinki, domin magudanan ruwan da aka haƙa, waɗanda irin wannan jirgi ke bi, ba su da zurfi sosai, kuma ba a yarda jirgi ya wuce gudun mil 4 a awa ɗaya ba. An fara haƙa su ne tun ƙarni na 18 don jigilar kwal da kayan masana'antu, dawakai suna jan jiragen daga gaɓa. Faɗin jirgin bai kai ƙafa 7 ba, saboda haka ɗaki da kicin da makewayi duk a jere suke.

Abin da ya fi damuna game da shirin ɗanki shi ne wurin ɗaure jirgin. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi kulawar kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwan Ingila da Wales a 2012, tana ba wanda ba shi da masauki na dindindin lasisi bisa sharaɗin dokar 1995, wato kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Matsawa kaɗan a dawo ba ta wadatarwa, sai an ga tafiya ta gaske, in ba haka ba ana iya hana shi sabunta lasisi. Ki duba halin ɗalibin da ke da lacca da safe, alhali gidansa yana ƙara nisa da makaranta duk bayan mako biyu. Masauki na dindindin a Landan kuwa yana da tsada da wuyar samu, kuma a magudanar Regent's cunkoso ya kai ga ana ɗaure jirgi a jikin wani, sai mutum ya taka na maƙwabcinsa kafin ya sauka. Inda babu zoben ƙarfe, da guduma ake kafa turke a gaɓa, kuma idan ƙasa ta jiƙe, jirgin da ya wuce da sauri yana iya tumɓuke shi.

Sauran ɗawainiyar kuma tana nan kullum. Shi zai kai jirgin bakin famfo ya cika tanki, shi zai ɗauki akwatin bayan gida ya je ya zubar, kuma ba a tayar da inji don cajin batir daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Da hunturu murhun kwal ake hurawa, don haka ki tabbatar ya sa na'urar da ke gargaɗi kan iskar guba, domin wannan iska ba ta da wari kuma tana kisa.

Shawarata, Hajiya, ya yi hayar jirgi na mako guda a cikin sanyin Janairu kafin ya fitar da kuɗinsa, kuma idan zai saya, ƙwararre ya fara auna kaurin ƙarfen gindin jirgin.