Tambaya da Amsa: Shin Rashin Warkewa Alamar Rashin Bangaskiya ce?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Shekara 3 ke nan da hawan jini ya jawo wa mahaifiyata shanyewar ɓarin jiki. A watan jiya muka kai ta wani taron addu'ar dare, inda mai wa'azin ya karanta labarin shanyayyen nan da aka zuro ta rufin ɗaki, sannan ya ce tun da Yesu ya fara da gafarta wa mutumin zunubi, to zunubi ne yake riƙe da ƙafar Mama, kuma da muna da bangaskiya da ta miƙe a daren. Ya ƙara da cewa shan magani alamar shakka ce. Tun daga ranar Mama ba ta samun barcin kirki, sai lissafin laifuffukan da ta yi tun tana yarinya. Shin haka Littafi Mai Tsarki yake koyarwa? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

Amsa: 'Yata, sannu da jinya, Allah ya saka miki da alheri. Tun kafin mu shiga nassi, kada Mama ta daina shan maganinta, domin hawan jini ciwo ne da yake komowa da ƙarfi idan aka sake masa, kuma shanyewar jiki ta biyu takan fi ta farko muni.

Labarin da aka karanta muku yana cikin Markus 2:1-12, kuma Matiyu sura 9 da Luka sura 5 sun kawo shi. Abin ya faru a Kafarnahum, wani gari na masunta a bakin Tekun Galili. Gidan ya cika maƙil har bakin ƙofa, sai mutum 4 suka hau da maras lafiya kan soro, suka haƙa rufin, suka zuro shi a kan shimfiɗarsa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro na azara da ƙasa ya san abin da haƙa rufi yake nufi: ƙura da ɓarɓashin ƙasa suna zubo wa mutanen da ke ƙasa, hasken rana ya keto ta kafar da aka buɗe, kowa ya ɗaga kai yana kallo. A cikin wannan yamutsi ne Markus ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu, wato ta waɗanda suka ɗauko mutumin. Shi kansa shanyayyen ba a rubuta cewa ya furta ko kalma ɗaya kafin ya warke ba. Idan kuwa za a auna labarin da gidanku, ke da 'yan'uwanki da kuka ciccibi Mama cikin dare ku ne mutanen nan 4.

Da Yesu ya ce wa mutumin an gafarta masa zunubansa, malaman Attaura da ke zaune suka fara gunaguni a zuci cewa wannan saɓo ne, domin ba mai gafarta zunubi sai Allah kaɗai. A kan wannan ƙa'ida ba su yi kuskure ba, kuma Yesu bai musanta ta ba. Sai ya tambaye su wanne ya fi sauƙin faɗa, an gafarta maka, ko kuwa tashi ka ɗauki shimfiɗarka ka yi tafiya. Maganar gafara kowa na iya furta ta, tun da ba a ganin gafara da ido, amma wanda ya ce wa shanyayye ya tashi a gaban taro, nan take za a san ko maganarsa tana da nauyi. Saboda haka ya bayyana dalilin warkarwar da bakinsa a aya ta 10: domin su san cewa Ɗan Mutum yana da iko a duniya ya gafarta zunubai. Laƙabin nan na Ɗan Mutum kuwa malaman sun san shi daga Daniyel 7:13-14, inda aka ba wani mai kama da ɗan mutum sarauta da mulki madawwami. Gardamar da ke cikin ɗakin, ke nan, a kan ko wane ne Yesu take, kuma babu inda ya ce zunubin mutumin ne ya shanye masa ƙafa. Mai wa'azin ya ɗauki labarin da aka rubuta domin nuna ikon Almasihu ya mayar da shi tuhuma a kan tsohuwar da ke kwance, kuma a ganina wannan babban ganganci ne.

Kalmar da Markus ya yi amfani da ita wajen faɗin iko a aya ta 10 a harshen Girka, eksusiya, tana nufin iko irin na mai hurumin zartar da hukunci, kuma ta bambanta da dunamis, wadda take nufin ƙarfi ko aikin ban al'ajabi. Wanda ya fi kowa gane wannan bambanci baƙo ne, wato hafsan sojan Roma na Matiyu 8:5-13, wanda baransa yake kwance a gida. Ya ce Yesu ba ya buƙatar taka ƙafa zuwa gidansa, ya yi magana kawai, domin shi ma mutum ne a ƙarƙashin iko, kuma idan ya ce wa soja tafi sai ya tafi, idan ya ce zo sai ya zo. Wannan fahimta ce Yesu ya kira bangaskiyar da bai ga irinta a Isra'ila ba, wato sanin hannun da iko yake ciki. Haka ma kuturun Markus 1:40, wanda ya durƙusa ya ce idan Yesu ya yarda zai iya tsarkake shi. Bai yi shakkar ikon ba, amma ya bar yarda a hannun mai ikon.

Game da zancen cewa ciwo sakamakon zunubi ne, almajiran Yesu da kansu sun taɓa yin wannan tambaya a Yohanna sura 9, da suka ga mutumin da aka haifa makaho suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Amsar da suka samu ita ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Ba zan ɓoye miki ba, akwai wurin da Yesu ya gargaɗi wanda ya warkar da kada ya ƙara yin zunubi, a Yohanna 5:14, kuma akwai wurin da ya ce wa matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini bangaskiyarta ta warkar da ita. Sai dai mutumin Yohanna sura 5 ɗin, wanda ya yi shekara 38 yana ciwo, ya warke ne alhali bai ma san sunan wanda ya warkar da shi ba, kuma a bakin tafkin Baitasda inda yake kwance akwai tarin makafi da guragu da shanyayyu, amma shi kaɗai aka ba da labarin ya tashi. Uban yaron nan mai farfaɗiya na Markus 9:24 ya fito fili ya roƙi a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma ɗansa ya warke. Ba za a iya ɗaure waɗannan labarai da igiya ɗaya a ce ga ma'aunin bangaskiyar da ke sayen lafiya ba.

Manzanni ma sun yi jinya. Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa abin da ya kira ƙaya a jiki, aka ce masa alheri ya ishe shi, kamar yadda yake a 2 Korintiyawa 12:7-9. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita. Da wannan fahimta ce masu bishara suka buɗe asibitoci a ƙasashenmu, irin na Galmi a Jamhuriyar Nijar da aka fara a 1950, inda addu'a da allura suke tafiya tare. Ki karanta wa Mama Markus sura 2 a hankali, ki tsaya a aya ta 5 inda Yesu ya kira mutumin ɗansa tun yana kwance bai motsa ba, sannan ku gayyaci dattawan ikilisiyarku su zo gida su yi mata addu'a bisa ga Yakubu 5:14. Idan kuma wani ya nemi kuɗi kafin ya ɗora mata hannu, ki tuna masa da Matiyu 10:8, inda aka ce wa almajirai kyauta suka karɓa, kyauta za su bayar.

Tambaya: Malam, ni Musulmi ne, amma ina bin wannan fili saboda maƙwabtana. Mu ma mun yarda Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya warkar da makaho da kuturu ya kuma ta da matattu da izinin Allah. Me ya sa Kiristoci suke ɗaukar wannan a matsayin hujjar allahntaka, alhali wasu annabawa ma sun yi mu'ujiza? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya da aka yi cikin mutunci. Gaskiyarka ce, Suratu Ali Imrana aya ta 49 da Suratul Ma'ida aya ta 110 sun ambaci waɗannan ayyuka tare da izinin Allah, kuma malaman Kirista ba su ce warkarwa ita kaɗai tana tabbatar da allahntaka ba, domin Annabi Elisha ya umarci Na'aman ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun kuturtarsa ta tafi, amma ba wanda ya ce Elisha ya wuce annabi. A cikin Yohanna 5:19 ma Yesu ya ce Ɗan ba ya yin kome shi kaɗai sai abin da ya ga Uban yana yi.

Abin da Kiristoci suke dubawa shi ne yadda aka yi warkarwar da kuma maganar da ta zo tare da ita. Da kuturu ya roƙi Yesu, sai Yesu ya taɓa shi ya ce ya yarda, ya tsarkaka, alhali bisa ga Littafin Firistoci kuturu mutum ne da ake keɓewa a bayan zango. A Kafarnahum ya haɗa warkarwa da gafarar zunubi, kamar yadda na bayyana a amsar da ta gabata. Da Bitrus ya ta da gurgu a ƙofar Haikali, a Ayyukan Manzanni sura 3, ya yi haka ne da sunan Yesu, kuma ya hana taron zuba masa ido kamar da ƙarfinsa ya yi. Daga nan Kiristoci suka fahimci cewa ikon da manzanni suka ara, shi Yesu nasa ne tare da Uban, yayin da Musulunci yake koyar da cewa shi bawan Allah ne kuma manzonsa da aka ba izini. A daidai wannan gaɓa ce addinan biyu suka rabu, kuma na fi son in faɗa maka haka a fili da in rufe bambancin da daɗin baki. A gaida mutanen Maraɗi.