Zauren Masu Riƙe da Makulli: "Wa ke ƙwanƙwasa min saba da tsakar dare?"

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Saƙonni sun taru sosai wannan watan, na tsinci waɗanda na ga matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce. Shi kuma bawan Allahn da ya turo min hoton sikirin ɗinsa da fasiwod ɗin root, wato babban asusun da ke iko da komai a kwamfuta, a fili ɓaro-ɓaro, na goge hoton, kai kuma don Allah je ka canza shi yau ɗin nan.

Tambaya: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ina kula da wata saba (server, kwamfutar da ake ɗora shafukan intanet a kai) ta Ubuntu da muke haya, a kanta shafin makarantarmu da wajen duba sakamako suke. Shekaranjiya na buɗe auth.log, fayil ɗin da ke rubuta duk wanda ya gwada shiga, kawai sai na ga layi dubbai na masu gwada shiga da sunan root da admin da oracle, daga ƙasashe kala-kala, wallahi ban runtsa ba. Wani abokina ya ce in mayar da SSH, hanyar da nake shiga sabar daga nesa, daga ƙofa ta 22 zuwa 2222 shikenan. Shin wani ne ya sa mu a gaba? Kuma canza lambar ya isa?
Daga mai kula da kwamfutocin wata makaranta, Zariya

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, koma ka yi barcinka, a cikinsu babu wanda ya san sunan makarantarku. Ba mutane ba ne ma a zaune, manhajoji ne aka sake suna bin intanet gida-gida. Duka adireshin IPv4 na duniya, wato lambobin da ake gane na'urori da su a intanet, kusan biliyan 4.3 ne, kuma da layi mai ƙarfi akwai manhaja irin ZMap da ke zagaye su kaf cikin ƙasa da awa ɗaya, to ka ga duk sabar da aka kunna ba ta daɗewa sai an fara taɓa ta. Kamar ɓarawon kasuwa ne mai bin layin shaguna da dare yana jijjiga kwado ɗaya bayan ɗaya, bai san mai shago ba, wanda ya buɗe shi ne nasa.

Canza lamba zuwa 2222 zai rage maka hayaniya a log, iyakarsa kenan, manhajar laluben ƙofofi irin nmap za ta gano ta cikin mintuna. Abun da zai raba ka da su shi ne ka daina shiga da fasiwod kwata-kwata. Ƙirƙiri makulli da ssh-keygen -t ed25519, ka sa masa kalmar sirri, ka tura rabinsa na fili zuwa sabar, sai ka shiga fayil ɗin saitin SSH mai suna sshd_config ka rubuta PasswordAuthentication no da PermitRootLogin no. Amma akwai tarko a nan da ya kama mutane da yawa, sabobin haya na Ubuntu sukan zo da wani ƙaramin fayil a cikin sshd_config.d wanda ya riga ya ce yes, kuma SSH maganar da ta fara ji ita take ɗauka, sai ka ga kai kana ganin ka rufe ashe ƙofa a hangame take. Buga sshd -T ka ga abun da yake aiki a zahiri. Daga nan ka ƙara fail2ban ya dinga korar masu naci.

Sannan ka daina ƙirga layukan Failed, waɗannan ai sun faɗi jarabawa. Nemo layukan Accepted, in ka ga an shiga ƙarfe uku na dare daga adireshin da ba naka ba, to nan ne rashin barci ya halatta.

Kuma kar ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata ka tabbatar makullin yana shiga. Ni nan na taɓa yin wannan wautar, na kashe fasiwod na rufe komai ina jin kaina gwani, ashe makullin ban ajiye shi daidai ba, sabar kuma tana wani ofis a wani gari, washegari da sassafe ina tasha da kibod a hammata ana tambayata ko sayarwa nake.

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ni ce ke kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa. Sabarmu tana da RAID, wato hadis (hard disk) biyu masu kwafar juna, kuma akwai hadis na waje da ke maƙale kullum yana kwafar komai da dare. Na nemi a saya min ƙarin biyu, oga ya ce ɓarnar kuɗi ce tunda muna da kwafi har biyu. Ya zan yi in fahimtar da shi?
Daga wata 'yar'uwa, Kaduna

Amsa: 'Yar'uwa kin fi ogan naki gaskiya, amma kar ki faɗa masa haka. RAID maganin mutuwar hadis ne kawai, in ɗaya ya ƙone ɗayan ya ci gaba. In wani ya goge fayil bisa kuskure, ko masu garkuwa da fayiloli suka ɗaure shi, RAID zai kwafe ɓarnar zuwa ɗayan nan take da biyayya. Shi kuma hadis ɗin da ke maƙale kullum, duk abun da sabar take gani ita ma manhajar garkuwa tana gani, kuma da yawansu ajiyar suke fara nema kafin su taɓa sauran, don sun san in ajiyarki na nan ba za ki biya fansa ba.

Ba shi wannan labarin. Ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta ɓalle daga Yukren, ta cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, ta faɗa wa Maersk, katafaren kamfanin jiragen ruwan nan na ƙasar Denmak wanda kwantenoninsa ke cike da Apapa. Shugaban kamfanin da bakinsa ya ce sai da suka sake ɗora saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai wajen dala miliyan 300. Abun da ya fi tayar musu da hankali shi ne sabobin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin kowa, wajen 150 ne a faɗin duniya kuma kowace tana kwafar 'yar'uwarta, wato dai irin tunanin oganki, ai muna da kwafi da yawa. Duk suka mutu a tare. Guda ɗaya tal ta tsira, a wani ofis a nan Afirka ta Yamma, dalili kuwa an ɗauke musu wuta kafin abun ya iso don haka ba ta kan netwok. Mujallar Wired ta ruwaito a 2018 cewa a Gana ne, daga baya wani babban jami'in kamfanin ya ce Legas ne, kin ga ko a ɗauke wuta sai mun yi musu da Gana kamar na jalof. Daga wannan guda ɗayan aka sake gina sauran.

To su sa'a suka ci, ke kuma da gangan za ki ɗauke wa ajiyarki wuta. Ƙa'idar da aka saba ita ce 3-2-1, kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. A aikace, hadis biyu kina juya su, na wannan satin yana aiki na wancan satin yana cikin durowa a cire, ko ma a gidan oga, amma a kulle bayanan da manhaja irin BitLocker ko VeraCrypt tunda bayanan marasa lafiya ne, in ya faɗi a adaidaita kar a karanta sirrin mutane. Sannan duk wata ki ware awa ɗaya ki ɗauko wata tsohuwar kwamfuta ki gwada dawo da rumbun bayanan a kanta ki buɗe fayil ɗin mutum ɗaya da idonki. Na taɓa zuwa wani ofis da suka yi wata da watanni suna ganin alamar kore kullum, ranar da aka buƙata muka buɗe muka tarar babu komai sai fanko, an canza wa folda suna tun tuni manhajar tana ta kwafar wajen da ba kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuma oga, kar ki yi masa turancin kwamfuta, ki tambaye shi nawa asibitin ke shigarwa a rana, sai ki ce to a lissafa sati biyu babu katin kowa babu lissafin magani, a kwatanta da kuɗin hadis biyu.

Tambaya: Oga ina da rautar MikroTik ina sayar da tikitin wayfai a wani hostel, kwana biyun nan data na zuƙewa ko da ɗalibai sun tafi hutu, rautar kuma tana zafi. Tun da aka haɗa min ita ban taɓa sabunta ta ba.
Daga mai sana'ar wayfai, Maraɗi

Amsa: Malam kai ma ka ba kanka amsa a layin ƙarshe. A Afrilun 2018 aka gano ɓaraka a Winbox, hanyar da ake saita MikroTik ta ƙofa ta 8291, wadda ke bari a kwashi sunaye da fasiwod ba tare da an shiga ba, aka toshe ta a sabuntawar RouterOS 6.42.1, amma a shekarar ta 2018 rautoci wajen dubu 200 aka kame ana haƙar kuɗin kirifto da kwamfutocin masu amfani da su, akasari a Brazil. Leƙa Scheduler da Scripts da Users ko akwai baƙo, ka duba ko Socks da Web Proxy sun kunna kansu. Sai DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, in ka sa alama a Allow Remote Requests ba ka toshe ƙofa ta 53 daga waje ba, to duniya ce ke amfani da rautarka wajen jifan wasu, da datarka. In ka ga alamar an shiga kar ka tsaya tsince-tsince, wanke ta tas da Netinstall, sabon fasiwod, ka kashe telnet da ftp da api, Winbox kuma daga cikin gida kawai.

Tambaya: Malam manajanmu yana so ya dinga shiga kwamfutar akanta daga gida, ya ce in buɗe masa Remote Desktop a rauta kamar yadda wanda na gada yake yi. Kwamfutar Windows 7 ce. Ina tsoron in ƙi ya ce na cika taurin kai.
Daga sabon ma'aikaci, Sakkwato

Amsa: Ƙanena kar ka buɗe 3389, ƙofar Remote Desktop, ga duniya, ko manaja ko baban manaja. Yana daga cikin hanyoyin da masu garkuwa suka fi shigowa ta nan, balle a kan Windows 7 da Microsoft ta daina yi wa faci tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta 14 ga Oktoban 2025 ne. Kuma ba sai ka ce masa a'a ba, ka ce to ranka ya daɗe amma ta hanya mafi kyau, ka haɗa masa WireGuard, wato VPN, kulallen layin shiga netwok ɗin ofis daga nesa, danna maɓalli ɗaya ne a wajensa, ya fara shiga netwok ɗin ofis sannan ya buɗe kwamfutar.

Ni maganar "wanda na gada" ce ma ta fi tsaya min a rai. Asusunsa yana nan? Fasiwod ɗin rauta da na imel da na kyamarori an canza bayan tafiyarsa? A Mayun 2021 an tsayar da bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka na kwanaki, gidajen mai suka yi layi irin namu, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4, kuma ta wani tsohon asusun VPN da ba a amfani da shi aka shiga, ba a kashe shi ba, ba shi da tabbaci na biyu, wato lambar da ake tambaya bayan fasiwod. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga. Zauna ka jera duk asusun da ke ofis ɗin, wanda ba ka san mai shi ba ka dakatar da shi, in mai shi na nan zai zo da kansa yana faɗa. In manaja ya dage kan 3389, ka rubuta masa imel cikin ladabi ka bayyana haɗarin, ka ajiye amsarsa.

Tambaya: Shin dole ne in tilasta wa ma'aikata canza fasiwod duk wata?
Daga Jos

Amsa: A'a. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka ma tun 2017 ta janye wannan shawarar, don abun da ake samu shi ne Kano@1 ya koma Kano@2, ko a manna shi a takarda ƙarƙashin kibod. Doguwar jimla, kowane waje da nasa, a ƙara tabbaci na biyu ta manhajar waya maimakon saƙon tes saboda masu satar layi. Canji sai in ana zargin ya fita.

Tambaya: Malam an riga an yi mana. Mun zo da safe duk fayiloli sun canza suna, ga takarda a sikirin ana neman Bitcoin. Oga ya ce in yi fomatin komai kar kowa ya ji.
Ba a sa suna ba

Amsa: Innalillahi, sannu ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Zare wayar netwok ka kashe wayfai a duk kwamfutar da abun ya taɓa, amma kar ka yi fomatin tukuna, in ka wanke ka wanke sawun ɓarawo, ba za ka san ta inda ya shigo ba kuma ta nan zai dawo. Ɗauki hoton takardar, ka ajiye fayil biyu uku da aka ɗaure, ka je shafin No More Ransom wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka buɗe da wasu kamfanonin tsaro a 2016, wani lokacin akwai makullin irin naku kyauta. Kar ka jona hadis ɗin ajiya a kowace kwamfutar ofis sai wadda aka ɗora sabuwa fil, fasiwod kuma duka a canza su daga wata na'ura mai tsabta.

Batun kar kowa ya ji, in akwai bayanan mutane a ciki to ba a hannun oga yake ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce in ɓarakar na iya cutar da masu bayanan a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 da ganowa, sannan akwai ngCERT da ake kai wa rahoton kutse. Ka nuna masa wannan a rubuce. Ka sake rubuto min da sunan da ke ƙarshen fayilolin da kuma ko 3389 ɗinku a buɗe take, sai mu san ta inda za mu fara.