Me ya sa tsofaffin gidajen Marrakesh suke tsada bayan an gyara su?

Tambaya: Na ga ana tallar wani tsohon gida da aka gyara a cikin birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, kuma kuɗinsa ya fi na sabon gida a bayan gari. Mene ne abin sha'awa a gidan da ko mota ba ta isa ƙofarsa?

Amsa: Irin wannan gida shi ake kira riyad, kalmar Larabci mai nufin lambuna, domin duk ɗakunansa tsakar gida suke fuskanta, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa a tsakanin itatuwan lemo, alhali mai wucewa ta lungu ba abin da zai gani sai dogon bango da ƙofa guda. Wanda ya tashi a gida mai zaure ba sai an yi masa dogon bayani kan darajar wannan sutura ba. Kaurin bangon kuma yana riƙe sanyi a watannin da zafin garin kan haura digiri 40.

Amma a ganina, aikin hannu ne ainihin abin da ake saye. Tayil ɗin da suke kira zallij ba inji ke yanka shi ba. Gwani ne yake sassaƙa kowane ɗan guntu da guduma mai kaifi, ya jera su a kife, sannan a zuba musu kwaɓi ta baya. Shafen bango da ake kira tadalakt kuwa farar ƙasa ce da ake gogewa da dutse mai santsi da baƙin sabulun zaitun har ta daina shan ruwa. Ga shi kuma an kafa birnin tun wajen shekarar 1070, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, don haka gidajen cikin ganuwa ƙidayayyu ne.

Sai dai kafin ka biya ko sisi, ka nemi takardu. Gidaje da dama tsohuwar takardar mallaka da ake kira malkiya kawai suke da ita, wadda magada da yawa kan yi tarayya a cikinta, saboda haka ya fi aminci ka nemi wanda aka yi wa rajista a ofishin filaye. Ka kuma kai injiniya ya duba ginshiƙai da danshin gindin bango, musamman tun da girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta tsattsaga gine-gine a tsohon birnin, kuma sabon shafe yana iya ɓoye tsaga.