Muryar Injiniya a zauren masu aikin wuta na Jidda da Makka

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena da ya yi tambaya jiya, ka ce a otal ɗin da kake aiki a Makka wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, na ɗaukar zafi, lif kuma na tsayawa haka kawai, alhali mita na nuna lafiya lau, har wani ya ce maka sai an auna da weblet, wato wata hanyar lissafi ta tantance wuta. To, cuta biyu ka haɗa wuri guda.

Ta farko, wutar Saudiyya Hz 60 ce, ba 50 irin ta gida ba, ka riƙe wannan. Fitilun LED da cajoji da na'urorin sanyi masu inbata (na'urar da ke sarrafa gudun injin) ba sa jan wuta a hankali, fizga suke yi a ƙololuwar igiya, wato tashi da saukar da wutar ke yi a kowane zagaye. Nan hamonik ke fitowa, wato ƙarin igiyoyi masu ninkin Hz 60 ɗin: na uku Hz 180, na biyar 300, na bakwai 420. Na ukun shi ne mugun, domin na layuka uku ba sa kashe juna, taruwa suke a nutural. Ga zafinka nan. Sannan juya mitarka ka duba, in ba a rubuta True RMS (awo na gaskiya ko da igiyar ta karkace) a jikinta ba, matsakaici take ɗauka ta ninka da 1.11, a zatonta igiyar sumul take. Ƙasa da gaskiya za ta faɗa maka. Wannan kam FFT, lissafin da ke rarrabe wuta zuwa hamonik ɗinta, ya ishe ka, kada kowa ya ci kuɗinka.

Lif ɗin ne wurin weblet. FFT, bisa ƙa'idar awon hamonik ta IEC 61000-4-7, zagaye 12 yake haɗawa a dunƙule, wato milisakan 200. Zai gaya maka abin da ke cikin wutar, amma ba zai ce ga lokacin da ya faru ba. To in kafasita, mai tara caji, ta shiga layi ta yi tartsatsin milisakan biyu ko uku, sai ya narke a lissafin, a ba ka takarda fes, inbatar lif kuwa ta riga ta ji a jikinta ta kashe kanta.

Weblet kamar tankaɗe ne da rariya hawa-hawa, kowace da girman idonta, wato zangon Hz da take tacewa, kuma kowane hawa yana riƙe da lokacinsa. Mu yawanci nau'in weblet da ake kira db4 muke sawa, daga dangin da Ingrid Daubechies ta fitar a 1988. In na'ura na ɗaukar samfur 7680 a sakan, hawan farko daga Hz 1920 ne zuwa 3840. Can za ka ga layi kwance shiru, sai tsini ya miƙe daidai inda abin ya buga.

Amma fa ba maganin komai ba ne. Hawa na huɗu daga 240 ne zuwa 480, ka ga hamonik na biyar da na bakwai sun faɗa buhu ɗaya, ba ka raba su.

Ka sa na'urar da ke ajiye igiyar kanta, ba adadi kaɗai ba, a allon da ke ba lif wuta. Ka daidaita agogonta da na lif, ka bar ta har ya sake tsayawa, sannan ka turo mini fayil ɗin ta bayan fage.